Tawadar Allah a Kuncin Malama

Shekara ashirin da tara ke nan Mai Hoto yana ɗaukar matarsa hoto, bai taɓa samun makin da ya wuce "ba laifi" ba. Malamar makaranta ce, 'yan aji huɗu take koyarwa, kuma hannunta ya saba da jan biro har ya zama ko a gida ba ta raba maki kyauta. Ya ɗauke ta suna sabon aure, ya ɗauke ta da 'yan biyunsu a cinya, ya ɗauke ta ranar da aka ƙara mata girma a wurin aiki. Duk sanda ya wanke ya kawo, sai ta riƙe hoton nesa da fuskarta, ta ɗan kalla, ta ce ba laifi. Tun yana jin haushi har ya daina. Ya ɗauka haka Allah ya yi ta, kamar yadda ya yi wasu ba sa shan shayi da sukari.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne mai tsawo, tsakanin shagon tela da na mai gyaran agogo. Daga bakin ƙofa akwai kanta mai gilashi, da tsohuwar kwamfuta, da injin wanke hoto mai gurnani kafin ya fara aiki. Can ciki labule uku ne a rataye a bango ɗaya, fari na masu fasfo, shuɗi na iyali, da wani mai zanen lambu wanda yara ke so. Fitilu biyu masu lema suna tsaye dama da hagu, sai kujera mai juyawa a tsakiya. Babbar kyamararsa kuwa tana kan ƙafafunta uku, lulluɓe da ƙyalle, ba mai taɓa ta sai shi.

Ba wai kasuwa ta mutu ba. Muddin ofisoshi na neman hoton fasfo mai kunne biyu a waje, Mai Hoto ba zai kwana da yunwa ba. Amma hoton zama, wanda mutum zai yi wanka ya zo ya ba ka fuskarsa ka yi aikinka a tsanake, shi ne ya ja baya. Kowa ya zama mai hoton kansa. Yakan zauna a bakin ƙofa ya ga 'yan mata sun ɗaga waya sama sun ba rana baya, ya girgiza kai, ba don sun hana shi ciniki ba, sai don hasken da suke wulaƙantawa.

Tela ne ya hana shi sakat. Maƙwabcinsa ne na shekara ashirin, mutum mai surutu ko da allura a baki, wanda tunda ya koyi ɗora ɗinkinsa a sitatus yake ganin duk wanda bai yi haka ba bai san an waye ba. Kullum sai ya leƙo ya nuna masa saƙonni: wannan daga ƙarshen gari, wannan ma ba ta taɓa biyowa ta layin ba, riga ta gani a waya ta zo. Sannan ya kalli 'yar tsohuwar wayar Mai Hoto, wadda aka ɗaure murfinta da roba, ya tambaye shi ko gado ce ake adanawa. A ƙarshe dai Mai Hoto ya gaji. Wata Laraba ya rufe shago na awa biyu, ya dawo da sabuwar waya a kwali, faffaɗa, mai ido uku a baya.

Kwana biyu Tela yana koya masa. Ya buɗe masa shafi da sunan shagon, ya nuna masa inda ake danna a ɗora, da inda ake ganin waɗanda suka leƙa. Kyamarar wayar ce kawai Mai Hoto ya ce a bar masa, ba sai an koya masa ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana auna haske, wai tela ne zai nuna masa yadda ake ɗaukar hoto? Tela ya ɗaga hannu biyu ya ce shi ke nan, gwani.

Saura abin da za a ɗora. A nan aka tsaya, domin Mai Hoto yana da doka guda wadda bai taɓa karyawa ba: fuskar da aka kawo masa amana ce, ba ya nuna ta ga kowa. Hotunan da ke jikin gilashin ƙofarsa duk na gidansa ne, 'yan biyu suna rarrafe, 'yan biyu sun gama makaranta, ƙaninsa da babur. Yanzu 'yan biyun sun girma, kowa yana garin da aiki ya kai shi, ƙanin kuma ya yi tumbi, ya hana a ɗauke shi. Malama kaɗai ta rage. Ya yi ta kewaye-kewaye a kan tabarmar cin abinci kafin ya fito da maganar, ita kuwa ta saurare shi har ya gama, ta ce ta yarda, amma da sharaɗi uku: sau ɗaya ne, ita za ta zaɓi mayafin, kuma ba za a rubuta ko wace ce ba.

Ta zo ranar Asabar da hantsi, cikin mayafi ruwan toka, da jakar littattafan yara a kafaɗa. Niyyarsa ya ɗauka da babbar kyamara, sai ya tuna bai san yadda ake kai hoto daga cikinta zuwa waya ba, Tela kuma ya tafi sayo zare. Malama ta duba agogo ta ce littafi arba'in da biyu ne ke jiran ta. Sai ya ce ai haske shi ne hoto, ba akwatin ba, ya zaro wayar.

Ya zaunar da ita gaban shuɗin labule, ya kashe fitilar dama, ya sauko da ta hagu har ta zo daidai kuncinta. Ya ce ta saki kafaɗa. Ya ce ta ba shi hagunta, kamar yadda yake cewa duk sanda ta zauna a kujerar nan, ta juya. Ya danna sau uku. Tabaransa yana can kan kanta, bai je ya ɗauko ba, domin abin da yake dubawa ba ya bukatar tabarau: inuwar ƙarƙashin haɓa ta zauna, hasken ya sauka a ido, ninkin mayafin ya fito. Ya zaɓi na biyu, ya rubuta a ƙasa da yatsa ɗaya, "Hoton da za ka so ka ajiye," ya sa lambarsa, ya ɗora.

Kafin azahar wayar ta fara ɓari a aljihunsa. Malaman makarantarsu Malama ne suka fara, sai dangi, sai mutanen da bai taɓa sani ba. Wata ta tambayi ƙarfe nawa yake buɗewa, wani ya ce ko ana zuwa gida a ɗauki tsoho wanda ba ya iya fita. Tela ya dawo ya tarar da shi tsaye a tsakiyar shago yana amsa saƙo harafi-harafi, gumi na tsattsafo masa, ya ce to, gwani, yaya kasuwa.

Amma babban abin a gida ya same shi. Da yamma yana shan shayi, Malama ta ajiye jan biro, ta ɗauki wayarta ta buɗe hoton. Ba ta riƙe shi nesa ba. Ta daɗe tana kallo, har ya fara tunanin ko wani abu ya ɓaci.

"Wannan ya yi kyau, Baban 'yan biyu," ta ce. "Na gode."

Saura kaɗan shayin ya sarƙe shi. Ya ajiye kofin a hankali, ya ce ai hasken ne ya zauna, da murya irin ta wanda ya saba jin yabo. A ransa kuwa daɗi ne ya cika shi fal, irin daɗin da bai ji ba tun ranar da ya biya kuɗin babbar kyamararsa ya rungumo ta zuwa gida. Ta ce ya wanke mata babba, a sa a firem, a rataya a falo. Ya ce an gama.

Satin nan bai samu zama ba. Wata mata ta zo da 'ya'yanta uku cikin kaya iri ɗaya. Wani direban bas da ya ajiye aiki ya zo da hularsa, ya ce a ɗauke shi yadda jikoki za su san ya taɓa zama mutum. Wasu 'yan mata biyu daga cikin masu ba rana baya suka shigo suna ƙus-ƙus, suka nuna hoton Malama, suka ce irin wannan suke so. Dukansu da babbar kyamara ya ɗauke su, kowa ya tafi yana murna. Wata mai sayar da atamfa ce kawai ta juya nata ta ce ya yi kyau, amma ba ta fito sumul kamar ta tallan ba. Bai gane nufinta ba, ya yi dariya ya ce kowa da irin fatarsa.

Sai ranar Alhamis ya samu sarari. Tela ya nuna masa cewa igiyar cajin nan ita ce dai ake soka wa kwamfuta, hoton ya fito a babban allo. Mai Hoto ya goge tabaransa da bakin riga, ya sa, ya ja kujera. Hasken dai lafiya, ba abin da za a ce. Amma ya ji wani abu bai zauna masa ba, kamar ka shiga ɗakinka ka ji an kawar da wani abu ba ka san mene ne ba. Ya ƙara girman fuskar. Ya ƙara kuma.

Babu tawadar Allah a kuncin Malama.

Da farko ya ce wayar ce ta juya hoton, dama ta koma hagu. Ya duba ɗaya kuncin, nan ma babu. Ya sa ɗan yatsa ya goge allon, kamar ƙura ce za ta rufe baƙi da fari. Ya buɗe sauran biyun da ya ɗauka, duk haka suke, kunci sumul kamar bayan cokali. Ɗigon nan mai duhu da ke ƙasan idonta na hagu, wanda da shi aka haife ta, wanda kullum a kansa yake saita fitila, ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba.

Tela ya leƙo, ya ji bayani, ya yi dariya har ya dafa kanta. Ya karɓi wayar ya nuna masa wani ɗan tauraro a kusurwar kyamarar, ya ce gyaran fuska ne, a kunne yake zuwa daga kamfani, kuma da gwani ya bari an koya masa da ya sani. Don ya tabbatar masa, ya kashe tauraron ya ɗauki kansa. Duk tabon ƙurajen da ya yi tun yana saurayi suka fito reras. Tela ya kalli kansa, ya daina dariya, ya ce a mayar da tauraron nan inda yake.

Mai Hoto bai yi dariya ba. Ba wai shi ba ya gyaran hoto ba ne. Ƙurajen da ya goge a fuskokin mutane sun fi dubu, ya rage furfura, ya taɓa ƙara wa wani ango gashin gira. Amma duk da izini ya yi, mai fuskar na tsaye a bayansa yana cewa nan, a'a can. Wannan kuwa ba wanda ya tambaye shi, ba wanda ya tambaye ta. Ya ji kunya, domin a ƙarƙashin hoton lambarsa ce, kuma yanzu ya gane abin da mai atamfa take nufi. Abin da ya fi kunyar ciwo kuwa shi ne, hoto ɗaya tak da Malama ta taɓa yaba masa, ashe ba shi kaɗai ya yi shi ba, kuma ba ita ce sosai a ciki ba.

Shawarar Tela gajeriya ce. Ya wanke, ya sa firem, ya rataya, ya ja bakinsa. Mace ta ce hoto ya yi kyau, kasuwa ta buɗe, me kuma ake nema? Shi da ya ɗinka wa matarsa riga ta ce ta yi kyau, ai ba zai zauna yana nuna mata inda zare ya karkace ba.

Ya gwada bin shawarar. Ya wanke babba, injin ya yi gurnaninsa ya turo takardar, ya jingina ta da bango ya ja baya. Kyakkyawar mata ce, ba musu. Sai dai ta yi kama da wata ƙanwar Malama da ba a haifa ba. Ya yi tunanin wannan baƙuwar a bangon falonsa, tana kallon sa yana shan shayi safe da yamma har ƙarshen rayuwarsa, ya ji ba zai iya ba. Ya yi tunanin kuma ya je ya ce wa Malama abin da ta yaba aikin inji ne, ya ga yadda za ta ajiye wayar ta ɗauki jan bironta, ya ji wannan ma ba zai iya ba. Ya kifa hoton a cikin aljihun kanta. A gida ta tambaye shi firem, ya ce mai gilashi ne bai yanko ba.

Ranar Juma'a da safe, kafin masu fasfo su fara zuwa, dabara ta zo masa, irin dabarar da mai hoto kaɗai zai ɗauka mafita ce. Tunda inji ya goge, shi sai ya mayar. Ya zauna gaban kwamfuta, ya ɗauki alƙalamin da ya saba goge tabo da shi, karon farko a rayuwarsa zai sa tabo a fuska maimakon ya cire. Ko tunanin buɗe tsofaffin hotunanta bai yi ba. Yatsa biyu ne ƙasa da wutsiyar ido, ya san wannan. Ba zagayayyiya ba ce, ta ɗan ja wutsiya wajen kunne. Ba baƙa wuluk ba ce, ruwan ƙasa ce mai duhu, gefenta ya fi tsakiyarta haske. Ya sa, ya goge, ya sake sawa. Wani ya zo hoton fasfo, ya ɗauke shi ya sallame shi ya dawo. Layukan gefen ido ya bar wa wayar, waɗannan shekaru ne suka kawo su, ba zai yi rigima a kansu ba. Awa ɗaya da rabi ya yi a kan ɗigon da bai kai ƙwayar wake ba, sannan ya ja baya ya ga matarsa ta dawo.

A lissafinsa, ba za ta lura ba. Wa ke lura da abin da yake gani a madubi kullum? Za ta ga hoton da ta yaba, shi kuma zai ga Malama, kowa ya samu nasa.

Ranar Asabar da la'asar ya shigo da firem ɗin naɗe a jarida. Tana zaune a falo, littattafai a gefenta, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan tebur. Ya kwance jaridar ya jingina hoton da kujera yana ta bayanin katakon firem ɗin. Ko daƙiƙa biyu ba ta yi tana kallo ba.

"Ka mayar da ita," ta ce.

Ya tambaye ta, a hankali, ko dama ta san babu ita a na wayar. Ta kalle shi irin kallon da take yi wa yaron da ya tambayi ko biyu da biyu huɗu ne. Ta ce ita ce abin da ta fara dubawa, kamar yadda take fara duba ta a kowane hoto.

"Na ɗauka kai ka cire," ta ce. "Na ce ashe Baban 'yan biyu ya gane, bayan shekara ashirin da tara. Shi ya sa na yi maka godiya."

Sai ta ba shi labarin da ba ta taɓa ba shi ba. Tun tana aji ɗaya yara ke ce mata ƙuda ya sauka a fuskarta, wasu har su kawo hannu wai za su kore shi. Ta girma tana juya wa mutane kuncinta na dama, a aji, a taro, har a gaban madubi. Sai ta auri mai hoto, kuma duk sanda ta zauna a kujerarsa sai ya ce ta ba shi hagunta, ya kawo fitila ya haske wurin tas. Ta ɗauka rashin lura ne irin na maza, wanda ke goge wa 'yan kasuwa ƙuraje amma bai ga na gidansa ba. Da ya tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa ba, ta ce ita ba ta roƙon maki, kuma ba ta roƙon a gyara mata fuska.

Mai Hoto ya zauna a hannun kujera. Tausayi ya kama shi, nata da nasa. Shekara ashirin da tara yana kai mata abin da ya fi so, ita kuma tana karɓa tana haƙuri da shi. Ya gaya mata gaskiya duka, tauraron kusurwa, da tabaran da ya bari a kanta, da dariyar Tela, da hoton da ke kife a aljihun kanta. Ya ce ba shi ya cire ba, kuma ko ya gane ɗin, bai san ko hannunsa zai iya ba.

"Ni a kanta nake saita fitila, Malama," ya ce. "In ta fito, na san kin fito. Ranar da na fara ganin ki ma ita na fara gani, na je gida ina tunanin wace ce mai ɗigon nan."

Ta ɗauki jan bironta, ta rufe shi da murfi, ta ajiye. A waje wani mai kurar ruwa ya wuce yana buga ƙarfe. Don ya cike shirun, ya ce yanzu zai sauke tallan daga shafin, ba zai bar lambarsa ƙarƙashin aikin inji ba. Nan ta dawo Malamarta. Ta ce ba a sauke abin da ke kawo mutane saboda zuciya. Ya rubuta a ƙasa cewa waya ta taɓa wannan, amma a shago ba a taɓa fuskar kowa sai ya nema, ya kashe tauraron, sannan ya kira mai atamfa ya yi mata bayani. Ya ce to. Ta ce kuma ya riƙa sa tabaransa, ya ce to.

Sai ta tashi ta ɗauki firem ɗin da hannu biyu, ta nufi dogon madubin da ke jikin bango kusa da ƙofar ɗaki. Ta tsaya, ta ɗaga hoton daidai fuskarta, ta juya wa madubin kuncinta na hagu. Yana kallon ta daga inda yake zaune. Ta sa yatsa biyu ƙasan idonta, ta kai su kan gilashin hoton, ta dawo da su. Ta matsa kusa har numfashinta ya taɓa madubin.

"Wane hoton ka duba ka kwafa?"

"Ban duba ba."

"Har wannan 'yar wutsiyar?"

"Ai tana da wutsiya."

"Ni ban san tana da ita ba," ta ce. "Sai yau."

Ta daɗe a wurin, shi kuma bai motsa ba. Wayarsa ta yi ɓari a aljihu sau biyu, masu neman hoto ne, ya bar su su jira. Can ta goge gefen idonta da bakin mayafi, ta ce ya ɗauko guduma da ƙusa. Ya miƙe da sauri ya ɗauko, ya tsaya tsakiyar falon yana duba bango, ya tambaye ta saman kujera take so ko kusa da agogo.

"Falo na baƙi ne," ta ce, ta ɗaga labule ta shige ɗaki da hoton.